Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi: Baje Koli Da Cinikin Ƙananan Jiragen Ƙasa

Cikin mako guda na watan Janairun 2024, masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa a Birtaniya sun sami labarai biyu marasa daɗin ji, ɗaya na bin ɗaya. Da farko kantin Hattons, wanda Norman Hatton ya buɗe a Liverpool a 1946, ya kuma bunƙasa har ya shiga sahun manyan dillalan wannan haja a duniya, ya ba da sanarwar zai rufe. Ba a gama jimamin wannan ba sai ƙungiyar Warley ta ce ta daina shirya gagarumin baje kolin da take yi duk shekara a cibiyar NEC ta Birmingham tun 1993. Jaridun ƙasar suka yi ca a kan batun, har wasu na yi wa harkar kallon gawar da ba a binne ba.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan biri da gada? Dalilina shi ne, a cikin wannan 'yar ƙaramar kasuwa ana ganin wani abu ƙarara wanda manyan kasuwanni ke ɓoyewa, wato yadda taron jama'a na kwana biyu ko uku ke juya aljihun dubban mutane har tsawon shekara, da kuma abin da ke biyo baya idan masu ɗaukar nauyin taron suka gaji.

Bari in fara da kawar da wata rashin fahimta. Jiragen da nake magana a kansu sun wuce kayan wasan yara. Kwaikwayo ne na jiragen gaskiya, an rage girmansu bisa ma'auni tabbatacce, suna kuma gudu da lantarki a kan siririn dogo. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a Turai da Amurka shi ne H0, inda ake rage jirgi sau 87. Ingilishi sun fi son OO, sau 76. Akwai N, sau 160, akwai kuma O, wanda a Amurka sau 48 ne. Kan jirgi guda mai fitar da ƙarar inji da usur a Birtaniya yakan haura fam 200, wani har 300. Mafi yawan masu saye kuwa magidanta ne da dattawan da suka yi ritaya, waɗanda wasunsu sun zuba ajiyar shekaru talatin ko arba'in a cikin kwalaye. Saboda haka batun farashi a wurinsu batu ne na dukiya da gado.

A baje koli aka raɗa wa cinikin suna

A 1891, a baje kolin birnin Leipzig na ƙasar Jamus, kamfanin Märklin na garin Göppingen ya nuna jirgi mai tafiya da wani, tare da dogo gunduwa-gunduwa da ake harhaɗawa, mai faɗi ƙayyadadde. Kafin nan, wanda ya sayi jirgin wasa ya gama ciniki ke nan. Daga ranar kuwa, wanda ya sayi kan jirgi bana zai dawo baɗi neman tarago, baɗin baɗaɗa ya nemi tasha da gada, domin ya san duk za su dace da abin da ke gidansa. Mai saye ya koma abokin ciniki na har abada, baje kolin shekara-shekara kuma ya zama wurin da ake gaya masa abin da zai nema nan gaba.

A Leipzig ɗin dai, a 1935, kamfanonin Trix da Märklin suka fito da ƙaramin jirgin da ke iya zagaya teburin cin abinci, wanda ya share fagen H0. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da Leipzig ta faɗa ɓangaren Jamus ta Gabas, masu ƙera kayan wasa na Yamma suka kafa nasu baje kolin a Nuremberg a 1950. A can ne aka fara nuna manyan jiragen LGB masu gudu a lambu a 1968, a can ne kuma Märklin ya ba mutane mamaki a 1972 da ma'aunin Z, sau 220, mai dogon da faɗinsa bai wuce milimita 6.5 ba.

Abin lura shi ne, baje kolin Nuremberg, wanda ake yi a ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu, shekaru da dama na 'yan kasuwa ne zalla, ba a sayar wa ɗaiɗaikun mutane komai a ciki. Duk da haka shi ne ya daɗe yana yanka wa mai saye kalandarsa. Mai kanti zai je ya rubuta odar shekara. Mujallu irin su MIBA za su fitar da bugu na musamman mai ɗauke da hotunan sababbin kaya. Mai sha'awa a Hamburg ko Vienna zai zauna da alƙalami yana yi wa hotuna alama, yana lissafin abin da albashinsa zai iya ɗauka. Daga nan wata ɗabi'a ta samo asali: da zarar an gama bukukuwan ƙarshen shekara sai gogaggen mai saye ya damƙe aljihunsa, ya jira ya ji me Nuremberg za ta ce. Girman matsayin taron ya fito fili a 2009, lokacin da Märklin, a shekarar da ya cika 150 da kafuwa, ya bayyana karyewar jarinsa ranar 4 ga Fabrairu, jajibirin buɗe baje kolin. Kamfanin ya farfaɗo, iyalin Sieber suka saye shi a 2013, amma dillalan da suka isa Nuremberg a wannan makon sun rubuta oda ne zukatansu na ɗar-ɗar.

Cinikin biri a sama

Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. A wannan kasuwa kuwa shi ne ya zama ruwan dare, kuma baje koli ne rumfarsa. Mafarin abin shi ne ƙaurar masana'antu. Hornby ya kammala mayar da ƙirarsa daga Margate zuwa ƙasar Sin a 1999, Lionel na Amurka ya rufe masana'antarsa ta jihar Michigan a 2001. Kamfanin da ke da masana'anta a bayan ofishinsa yana iya ƙera kaya kaɗan-kaɗan duk sanda kantuna suka buƙata. Wanda ke bin layi a masana'antar wasu a kudancin Sin dole ya faɗi adadi tun da wuri, a ƙera masa sau ɗaya, sannan a juya ga na bayansa. Yadda wannan layi ke da tsauri ya bayyana a 2010, lokacin da masana'antar Sanda Kan, bayan kamfanin Kader mai mallakar Bachmann ya saye ta, ta sallami da yawa daga cikin kamfanonin da take yi wa aiki.

To, yaya kamfani zai san adadin da zai faɗa? Sai ya tafi baje koli da samfurin gwaji, sau da yawa ko fenti ba a yi masa ba, ya sa shi cikin akwatin gilashi, ya buɗe littafin oda. A Amurka babban dandalin wannan shi ne baje kolin ƙungiyar Amherst da ake yi a West Springfield ta jihar Massachusetts a ƙarshen Janairu. A Jamus akwai Intermodellbau na Dortmund a watan Afrilu. A Birtaniya, Warley ne ya riƙe wannan matsayi shekaru talatin. Mai saye zai leƙa gilashi, ya tambayi injiniyan da ya zana jirgin baki da baki, ya koma gida ya rubuta sunansa, wani lokaci har da kafin alƙalami. Jirgin na iya isowa bayan shekara biyu ko fiye.

Wannan tsari ya haifar da halaye uku da nake ganin sun sauya kasuwar baki ɗaya. Na farko, tsoron rasawa ya maye gurbin buƙata. Mutum na yin odar abin da bai shirya saye ba, domin ya san idan aka gama rabo ba lallai a sake ƙerawa ba cikin shekaru masu yawa. Kamfanoni na ƙara rura wutar da taragun da ake bugawa musamman don baje koli guda, waɗanda wasu ke saya da safe su sa a kasuwar intanet da yamma da riba a kai. Na biyu, sanarwa ta zama hanyar kama wuri. Kamfani kan yi shelar zai ƙera wani jirgi tun aikin bai yi nisa ba, don abokin hamayya ya janye. Na uku, kuma shi ya fi taɓa mai sayarwa, duk sanarwar sabuwar ƙira hukunci ce a kan tsohuwa. Ranar da aka ce za a fito da sabon samfurin wani kan jirgi mai cikakken ado da sauti, ranar ce darajar tsohon samfurinsa ke zubewa a kasuwar kayan hannu. Shi ya sa masu wayo kan rabu da tsofaffin kayansu tun ana raɗe-raɗin sanarwa, kafin a buɗe ƙofar zaure.

Jiran da ya yi yawa ya gundiri masu saye, har Bachmann na Birtaniya ya sauya salo a 2020, ya koma sanar da kaya duk wata uku, kuma galibi waɗanda suka kusa isowa. A Amurka kuwa, lokacin da harajin shigo da kayan Sin ya yi tashin gwauron zabo har ya kai kashi 145 cikin ɗari na ɗan lokaci a Afrilun 2025, masu oda sun ga yadda farashin da aka faɗa a baje koli ke iya bambanta da wanda za a biya ranar karɓar kaya.

York, inda ake yanka farashi

Idan Nuremberg ta sababbin kaya ce, garin York na jihar Pennsylvania shi ne mahaɗar tsofaffi. Reshen gabas na ƙungiyar masu tara jirage ta TCA, wadda aka kafa a 1954, yana shirya taro a filin baje kolin garin sau biyu a shekara, Afrilu da Oktoba. Shekaru da dama ba ya shiguwa sai ga ɗan ƙungiya ko baƙonsa, shiga ƙungiyar ma sai mutum biyu daga cikinta sun tsaya maka. An san taron da dokoki masu tsauri: kibiyoyi a ƙasa masu nuna inda za a bi, hana ciniki kafin lokacin buɗewa, da kuma, a wani zamani, hana ɗaukar hoto.

Wani na iya ɗaukar wannan a matsayin tsaurin ido na tsofaffi, amma a nawa ganin amana suke ginawa. Ƙungiyar na da ma'aunin lafiyar kaya daga C-10, wato sabo fil da ba a taɓa amfani da shi ba, har zuwa C-1, wanda sai dai a cire sassa. Tana kuma wajabta a yi wa duk jirgin da aka sake wa fenti alama, don kada a sayar da gyararre da sunan na asali. A kasuwar da kwalin da jirgi ya zo a ciki kan ƙara masa daraja sosai, kuma ɗan bambancin launi kan ninka kuɗinsa, wannan amana ita ce jari. Abin da aka sallama a York a watan Oktoba shi ke zama abin kwatance a ƙananan kasuwannin ƙasar har zuwa Afrilu, tare da littattafan farashi irin na Greenberg da dillalai ke yawo da su a hammata.

Dokar hana ciniki da wuri ita ma ta haifi 'yarta. Kwanaki kafin a buɗe, sai kasuwannin bayan fage su tashi a harabar otal-otal na garin, inda dillalai ke saye a hannun juna. Kafin talaka mai sha'awa ya shiga zaure, wani jirgin ya riga ya sauya hannu sau biyu, kowa ya ɗora tasa ribar.

Ko a York ko a Dortmund, kwanakin baje koli na da nasu kiɗan da gogaggu suka haddace. Mai neman abin da ba a cika samu ba shi ke sammako, ya biya yadda aka faɗa ba tare da dogon tayi ba, domin na bayansa na miƙo hannu. Mai neman araha kuwa yakan jira tashin kasuwa, sa'ad da dillali ya dubi tulin kwalayen da zai sake lodawa a mota ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita, sai albarka ta koma sallama. A nan ne kuma mai saye ke iya juya jirgi a tafin hannunsa, ya ɗora shi a dogon gwaji ya ji ko injin na da lafiya. Ga ƙananan masu sana'a, irin mutum guda da ke zuba fitilun tasha ko ƙananan bishiyoyi a ɗakin bayan gidansa, waɗannan 'yan kwanaki kan ɗauki kaso mai tsoka na cinikin shekara.

Da intanet ta shigo zaure

Kafuwar eBay a 1995 ita ce ta fara karya wannan tsari. Jiragen Lionel na tsakanin 1945 da 1969, waɗanda yaran wancan zamani suka girma suna nema ido rufe, sun yi tsada ne saboda kafin ka ga guda sai ka yi tafiya. Da kowane gida ya sami hanyar fito da abin da ke cikin rufin ɗakinsa, sai ta bayyana cewa yawancinsu an ƙera su da ɗimbin yawa. Na gama-gari suka faɗi, na ƙwarai marasa tabo kaɗai suka riƙe daraja. Da wayar hannu ta zo kuma, sai mai saye ya tsaya a gaban teburin dillali yana duba nawa aka sayar da irin wannan jirgi a makon jiya. Ikon yanka farashi ya bar zaure ya koma aljihun kowa.

Bugu da ƙari, wata ɗabi'a ta kunno kai wadda ke ci wa dillalai tuwo a ƙwarya. Mutum zai zo ya duba, ya taɓa, ya sha tambayoyi, sannan ya koma gida ya yi oda daga babban kantin intanet mai rangwame. Wanda ya biya kuɗin rumfa da man mota da ɗakin kwana ya yi wa wani talla kyauta.

Annobar korona ta zo kamar gwaji. A 2020 da 2021 yawancin zauruka suka kasance a rufe, Nuremberg ma ba ta yi taron ido da ido ba a 2021 da 2022. Amma ciniki bai mutu ba, Hornby ma ƙaruwar ciniki ya bayyana, domin mutanen da kulle ya tsare a gida sun koma kan tsohuwar sha'awarsu. Kamfanoni suka koyi yin sanarwa ta YouTube ranar da suka ga dama, ba tare da biyan kuɗin rumfa ba. Daga nan wasu suka yanke cewa baje koli ya zama tsohon yayi.

A nan ne na saɓa da su. Waɗanda suka yi ta saye a lokacin kulle, da yawansu mutane ne da aka riga aka shuka musu son abin tun suna yara, a gaban tagar wani kanti ko a wani zaure. Kamfanoni girbi suka yi na shukar da wasu suka yi shekaru arba'in da suka wuce. Intanet gwana ce wajen kai wa mutum abin da ya riga ya san yana so, amma da wuya ta sa yaron da bai taɓa tunanin jirgi ba ya tsaya cak, ya manne da igiyar shinge, yana kallon 'yar fitilar tasha na kunnuwa yayin da jirgin kaya ke fitowa daga ramin dutse. Wannan aikin zaure ne.

Wa ke shan bugun?

Ƙungiyar Warley, da take bayanin janyewarta, ta ambaci tsadar shirya taro da kuma tsufan 'yan sa kai da ke ɗauke da shi. Hattons shi ma ya ambaci raguwar abokan ciniki da sauyin shekarunsu cikin dalilansa. Idan aka haɗa biyun sai a ga ciwo ɗaya ne. Shimfiɗun dogo da jama'a ke biyan kuɗi su kalla, masu sha'awa ne ke gina su da kuɗinsu, su kwashe shekaru suna yi, su loda a mota, su tsaya kwana biyu a ƙafa suna tuƙi, abin da ake ba su bai wuce kuɗin hanya da masauki ba. Kamfani na samun oda, babban kantin intanet na samun ciniki, mai saye don ya sayar na samun riba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Gaskiya ne gurbin bai daɗe a buɗe ba. A Nuwamban 2024 kamfanin Warners mai buga mujallar BRM ya shirya sabon baje koli a zauren na NEC, ita kuma Warley ta koma wani wuri mafi ƙanƙanta a Statfold. Shahararren mai shirya waƙoƙi Pete Waterman da abokansa, waɗanda suka fara kafa doguwar shimfiɗa a babbar majami'ar Chester a 2021 suna barin yara su riƙe linzamin jirgi, sun nuna cewa har yanzu jama'a na fitowa idan an kira su. Sai dai ko kamfani ne ya karɓi ragamar taro, abin kallon da ke cikinsa daga hannun waɗancan dattawan yake fitowa, kuma shekarunsu ba komawa baya suke yi ba.

Wanda ya kamata wannan ya fi damu shi ne mai kwalaye ɗari a ɗakin ajiya, wanda ke gaya wa iyalinsa cewa ya bar musu dukiya. Dillalan kayan hannu sun saba da zuwan gwauraye da marayu ɗauke da tarin da maigida ya bari, kuma sau da yawa abin da ake taya musu ba ya kusa da abin da ya kashe. Darajar kowane tsohon jirgi na rataye ne a kan samuwar wanda zai so shi nan da shekara ashirin. Idan ba a haifi wannan mai saye a zaure yau ba, babu littafin farashin da zai ƙirƙiro shi gobe.

Saboda haka shawarata ga kamfanoni da manyan kantuna ita ce su daina auna baje koli da abin da ya shiga akwatin kuɗinsu cikin kwana biyu, su ɗauki wani kaso na nauyin ƙungiyoyin da ke noma musu masu saye. Ga mai saye kuma, idan dillali ya ba ka lokacinsa da iliminsa, ya bar ka ka gwada jirgi a dogonsa, 'yan fam ɗin da za ka rage ta hanyar komawa intanet bashi ne kake ci daga kasuwar da kai ma za ka buƙata ranar da za ka sayar. Duk mai shirya baje koli, ko wace irin haja yake tallatawa kuma a ko'ina yake, yana da abin dubawa a nan, domin inda ake shuka sha'awa daban, inda ake girbe kuɗinta daban, kuma gonar da kowa ke girba babu mai zuba mata taki ba ta daɗewa.